Ƙyanƙyasar Ƙwan Maciji: Yadda Laima Ke Raya Ƙwai da Yadda Take Kashe Shi

Wanda ya saba da injin ƙyanƙyasar ƙwan kaji, ranar da aka miƙo masa ƙwan maciji sai ya ajiye yawancin abin da ya sani a gefe. Ƙwan kaza yana son zafin digiri 37 da rabi, ana juya shi sau da yawa a rana, kuma kafin ɗan tsako ya fito a kwana 21 sai ƙwan ya rage nauyi da wajen kashi 12 cikin ɗari, saboda ruwan da ke fita ta ɓawo. Ƙwan maciji kuwa, wannan zafin dafa shi zai yi, juyawar na iya hallaka ɗan da ke ciki, kuma asarar ruwa tun da wuri ita ce farkon mutuwarsa.

Bambancin yana cikin ɓawo. Na maciji ba mai tauri ba ne, laushi gare shi kamar jemammiyar fata, ruwa yana shiga yana fita ta cikinsa. Idan abin da ke kewaye da ƙwan ya fi shi ruwa, sai ya sha ya kumbura. Idan ya fi shi bushewa, sai a tsotse shi ya lotsa. Duk aikin mai ƙyanƙyasa, na wata biyu cur, bai wuce tsare wannan shiga da fita ba.

Misalin da ya fi dacewa da mu shi ne ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. 'Yar Afirka ta Yamma ce, kuma daga Togo da Benin da Ghana ake fitar da 'ya'yanta da yawa zuwa kasuwannin Turai da Amurka. Takan saka ƙwai 3 zuwa 11, galibi shida ko bakwai, a ramin ɓera ko cikin tsohon suri, wajen ƙarshen rani, 'ya'yan su fito daidai da faɗuwar damina. A hannun mutum ana ajiye ƙwan a digiri 31 zuwa 32, laimar iska ta haura kashi 90 cikin ɗari, su ƙyanƙyashe tsakanin kwana 55 da 60. Macijin masara na kudu maso gabashin Amurka, wanda masu kiwo suka fi yawan farawa da shi, ya fi son sanyi kaɗan, digiri 27 zuwa 28, kwanakinsa ma wajen wata biyu ne.

Kafin a yi nisa, akwai gargaɗi biyu. Ita wannan mesa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, wato CITES, ta sa wa ido, ba a ƙetare iyaka da ita sai da takardar izini, kuma kowace ƙasa tana da dokarta kan kama namun daji. Na biyu ya fi wannan muhimmanci: ba a gane irin maciji ta kallon ƙwai. Macijiyar da ake kira kasa haihuwa take yi, amma kububuwa da gamsheƙa ƙwai suke sakawa, kuma ɗan gamsheƙa da dafinsa yake fasa ɓawo. Ƙwan da aka tono a gona ko gindin rumbu, ba a san uwarsa ba, ba abin kai wa ɗaki ba ne.

Abin da uwa ke yi

A daji mesa takan tattara ƙwanta, waɗanda ke manne da juna tun sa'o'in farko, ta naɗe su tsaf da jikinta har su ƙyanƙyashe. An daɗe ana zaton ɗumi take ba su. Binciken da masanin macizai Fabien Aubret da abokan aikinsa suka yi a Togo ya nuna cewa ga wannan ƙaramar mesa, babban amfanin naɗin shi ne hana ƙwan asarar ruwa: waɗanda aka bari ba uwa sun fi bushewa, gwaiduwarsu ta daskare, ɗan ya kasa shanye ta. A lura da kyau, uwar ba ta jiƙa ƙwan. Rufe su take yi, ta tsare musu iskar da ke kewaye da su. Wannan shi ne abin da ake ƙoƙarin kwaikwayo: iska mai laima, ɓawo busasshe. Mafi yawan asarar da sababbin masu kiwo ke yi daga rashin bambance waɗannan biyun take fitowa. Sun ji an ce laima kashi 95, sai su ɗauko abin feshi su yi ta fesa wa ƙwai ruwa.

Haɗa robar ƙwai

Ana buƙatar abu biyu: babban akwati mai riƙe zafi, wanda tsohuwar kula ko mataccen firji ke iya zama, da kuma ƙaramar roba mai murfi, mai cin lita shida ko kusa da haka, wadda ƙwan ke ciki. Zafi aikin babban akwati ne, laima kuma aikin ƙaramar roba. Idan aka raba ayyukan haka, buɗe ƙofar akwati ba zai kwashe laimar ƙwan ba.

Shimfiɗar da aka fi sani ita ce bamikulait, wani ma'adini da ake gasawa ya kumbura ya zama kamar soso, masu renon tsirrai suna amfani da shi. Ana gauraya shi da ruwa daidai wa daida, amma da nauyi, ba da kofi ba: giram 250 na busasshen bamikulait, ruwa giram 250, wato mililita 250. Wanda ya auna kofi ɗaya na wannan da kofi ɗaya na wancan ya yi kunu, domin bamikulait ba shi da nauyi, ruwan zai ninka abin da ake so sau da yawa. Bayan an gauraya, a damƙi cikin hannu a matse da ƙarfi. Ya kamata ya dunƙule, amma kada ruwa ya ɗiga ta tsakanin yatsu. Falait, farin ma'adinin nan mai kama da tsakuwa marar nauyi, ba ya shan ruwa cikinsa sosai, sai ruwan ya gangara ƙasan roba. Shi ana rage masa ruwa, wajen rabin nauyinsa, kuma gwajin matsewa ba ya aiki a kansa. Kaurin shimfiɗa ya kai santimita huɗu zuwa biyar, a binne sulusin ƙwan kawai, ko rabi idan ya yi yawa.

Garin katako da ƙasar lambu ba su dace ba. Suna zuwa da fumfuna da ƙwari, kuma jiƙaƙƙen garin katako yana iya ɗaukar zafi da kansa.

Inda waɗannan ma'adinai ke da wuyar samu, akwai hanyar da ma ta fi sauƙin sarrafawa: a zuba ruwa a ƙasan roba, a ɗora ragar roba a samansa da tazarar yatsa biyu, a jera ƙwan a kan ragar. Iska za ta cika da laima, ƙwan kuma ba ya taɓa ruwa. Sai dai a sa soso ko tsakuwa mai tsabta a cikin ruwan, don kada ya fantsamo idan an motsa robar, kuma kada ɗan maciji ya zurma ta gefe ya nutse ranar fita.

Wajen ɗaukar ƙwan, a sa fensir a yi alama a saman kowanne kafin a ɗaga shi. Ƙwan tsuntsu yana da igiyoyin da ke riƙe gwaiduwa a tsakiya duk yadda aka juya shi, na maciji ba shi da su. Ba a jima da sakawa ba ɗan ke zaunawa a sama, idan aka kifa ƙwan nauyin gwaiduwa na iya danne shi. Waɗanda suka manne a bar su a manne. A haska tocila ta gefe a ɗaki mai duhu: mai rai za a ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saiwa. Wanda ba a barbara ba yakan zama ƙarami, ruwan ɗorawa, mai danƙo a hannu, shi a fitar da shi. Akwatin kuma a kunna shi aƙalla mako guda kafin ƙwai ya shiga, da robar da ruwanta a ciki, don a ga halinsa dare da rana.

Sikeli ya fi ma'aunin laima gaskiya

Ƙananan ma'aunan laima na kasuwa ba a cika dogaro da su ba idan laima ta haura kashi 90. Wani zai tsaya a 99 ya ƙi motsi, wani raɓa ta jiƙa shi ya rikice. Ana gwada su da gishiri: a cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin roba marar ƙofar iska, a kwana. Ya kamata ya nuna 75. Idan ya nuna 68, ka san yana rage bakwai. To amma ko ma'aunin da ya ci wannan gwaji, labarin iska kawai yake bayarwa. Shimfiɗa mai ruwa daidai da wadda ta yi caɓa-caɓa duk 95 zuwa 99 za su nuna, alhali ɗaya raya ƙwai take yi, ɗaya kashewa.

Shi ya sa ƙwararru ke komawa ga sikeli. Ranar farko a auna robar gaba ɗaya, da shimfiɗa da ruwa da ƙwai da murfi, a rubuta a jikinta. A ce ta yi giram 1,220. Bayan mako guda a sake aunawa, aka samu 1,205. Giram 15 da suka ɓace ruwa ne da ya tsere, sai a mayar da mililita 15 da sirinji, a kusurwar roba, nesa da ƙwan. Ruwan ya kasance wanda ya kwana a cikin akwatin, don zafinsu ya zo ɗaya. Idan kowane mako asarar tana da yawa, ba ƙarin ruwa ne magani ba, ramukan iskar da aka huda wa robar ne suka yi yawa ko murfin bai zauna ba. Ƙananan ramuka biyu sun isa a makonnin farko, wasu ma ba sa huda ko ɗaya, sai dai su buɗe murfin na daƙiƙa kaɗan sau ɗaya ko biyu a mako.

Raɓar murfi

Nan ne gizo ke saƙar. Mai kiwo zai auna komai daidai, bayan kwana uku ya tarar murfin robar ya yi gumi, manyan ɗigo na rataye a saman ƙwan. Zai ce ruwa ya yi yawa. Sau da yawa ba haka ba ne, zafi ne bai daidaita ba.

Iska mai zafin digiri 31 tana iya ɗaukar ruwa wajen giram 32 a kowace kubik mita, a digiri 20 kuwa ba ta wuce 17. Iskar da ke cikin robar ƙwai ta riga ta kusa ƙoshi, don haka idan murfin ya fi ta sanyi da digiri ɗaya tak, sai ta sauke ruwanta a kansa. Abin da ke sa kwalbar ruwan sanyi gumi kenan ta wani ɓangaren. Idan abin ɗumama yana ƙarƙashin robar kai tsaye, matsalar ta ninka: ƙasa ta yi zafi, ruwa ya tashi daga shimfiɗa, ya taru a murfi mai sanyi, ya ɗigo a kan ƙwai. Sai a wayi gari ƙasan ƙwan yana bushewa, samansa yana jiƙa. Wurin da ɗigo ke sauka kullum yakan yi duhu ya zama kamar takardar da mai ya taɓa, ƙofofin numfashin ɓawon su toshe, daga nan fumfuna ta samu wurin zama.

Gyaran yana wajen robar, ba cikinta ba. A ɗaga ta daga ƙasan akwatin, iska ta zagaye ta ta ko'ina, kada ta jingina da bango ko ƙofa. A sa ƙaramar fanka irin ta kwamfuta ta riƙa juya iskar babban akwatin, don sama da ƙasa su zo ɗaya. A jera gorunan ruwa a rufe a ƙasan akwatin, su ne ke hana zafi hawa da sauka da sauri. Kan tamostat, wato na'urar da ke kunna abin ɗumama ta kashe shi, a ɗaure shi wuri ɗaya kusa da robar, a kuma sa wani ma'aunin zafi daban a cikin robar ƙwan kanta. Bayan haka a ɗan karkata robar, a sa wani abu mai kaurin fensir a ƙarƙashin gefe ɗaya, duk ɗigon da ya taru sai ya gangara bango maimakon ya faɗa kan ƙwai. Wajen buɗewa a zame murfin gefe a hankali, a share shi da tsumma mai tsabta. Ɗan hazo a bangon roba ba laifi ba ne, alama ce ma cewa iskar ta ƙoshi.

Yanayin ƙasar Hausa yana ƙara wa wannan aiki wahala ta fuska uku. Da hunturu laimar iska a su Kano da Damagaram takan faɗi ƙasa da kashi 20, dare kuma ya yi sanyi, don haka kowace buɗewar murfi asara ce, raɓa kuma ta yawaita da asuba. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tamostat ba shi da amfani, domin kashe abin ɗumama kawai ya iya, bai iya sanyaya ba. Wannan ya fi ɗaukewar wuta haɗari. Ƙwan mesa yana jure saukar zafi zuwa digiri 26 ko 27 na wasu sa'o'i, iyaka kwanakinsa su ƙaru, amma zama a sama da 34 yana kashe shi ko ya fito da 'ya'ya masu karkataccen ƙashin baya. A irin wannan lokaci akwatin ya koma ɗakin da ya fi kowanne sanyi, a ƙasa, nesa da rufin kwano, a ƙara masa gorunan ruwa. Kada a jingina ƙanƙara da robar ƙwai, nan take murfi zai yi gumi. Da damina kuma ruwa ba ya tserewa, mai ƙara ruwa bisa al'ada ba tare da aunawa ba shi ne zai jiƙa shimfiɗarsa.

Karanta ƙwan

Ƙwai mai lafiya fari ne, cike, idan aka ɗan taɓa shi yana da laushi amma yana dawowa. Lotsawa a mako na farko zuwa na huɗu alamar ƙishi ce, kuma wanda ke saman tari, da bai taɓa shimfiɗa ba, shi ke fara nunawa. A duba sikeli, a mayar da abin da ya ɓace, a toshe rami ɗaya. Idan lotsawar ta yi zurfi, a jiƙa takardar goge hannu, a matse ta sarai, a yafa wa ƙwan na kwana ɗaya ko biyu, sannan a cire. Ba a gaggawa. Ƙwan da ya yi mako yana bushewa ba zai cika a dare ɗaya ba, kuma lotsattsen ƙwai yakan ƙyanƙyashe lafiya lau.

Wanda ya sha ruwa fiye da kima shi ne abin tsoro. Zai kumbura ya yi tauri kamar ganga, ɓawon ya yi layi-layi, wani lokaci ya fara tsatsafo da ruwa. Matsin da ke ciki yana wahalar da ɗan, iska kuma ba ta ratsa jiƙaƙƙen ɓawo yadda ya kamata. Idan an ga haka, a haɗa sabuwar roba mai ƙarancin ruwa, misali giram 200 na ruwa ga giram 250 na bamikulait, a bar ta ta ɗauki zafin akwatin, a mayar da ƙwan ciki ba tare da an sauya kwanciyarsu ba. Idan aka ce a zaɓa tsakanin ɗan bushewa da ɗan jiƙa, bushewar za a ɗauka, domin ita ana ganinta da wuri kuma tana gyaruwa.

Fumfuna galibi mataccen ƙwai take fara kamawa, mai rai yana da ƙarfin kare kansa. Idan ta fito kaɗan a kan mai jijiyoyi, a share da busasshiyar auduga, a barbaɗa ɗan garin maganin fumfunar ƙafa da ake sayarwa a kemis, a wurin kawai, sannan a nemo inda ruwa ke taɓa shi. Baragurbin da ke manne a tsakiyar tari sau da yawa barinsa ya fi cire shi, don garin ɓamɓarewa ana yaga ɓawon na kusa. Sai idan ya fara zubar da ruwa ko tsutsa ta kama shi, sannan a raba shi a hankali da siririn zare, ana ja kamar zarto. Ƙananan ƙudaje kan shiga ta ramukan iska, don haka a lulluɓe ramukan da ƙyalle mai ƙananan idanu. Launi kaɗai ba hujjar zubar da ƙwai ba ce. Akwai masu tabo da dabbare-dabbare da ke fitar da lafiyayyun 'ya'ya. Hujja ita ce wari, da ɓacewar jijiyoyi a hasken tocila.

Mako biyun ƙarshe

Daga wajen kwana 40 zuwa 45 lissafi yana sauyawa. 'Ya'yan sun girma, jikinsu yana fitar da ɗumi, har zafin cikin robar ya ɗara na akwatin da digiri ɗaya ko fiye. Tunda cikin roba ya fi murfi zafi, raɓa za ta ƙaru ko da komai daidai yake. Buƙatar iska ma ta ƙaru, don haka a riƙa buɗewa kullum, a share murfi, a duba ma'aunin cikin robar, idan ya haura 32 da rabi a rage tamostat da rabin digiri. A wannan lokaci ne ƙwan mesa ke lotsawa sosai, wani ya zama kamar jakar da aka zazzage rabinta. Wannan ba ƙishi ba ne, shirin fita ne. Ba a ƙara ruwa saboda shi, kuma nan ne masu kiwo da yawa ke kashe da hannunsu abin da suka yi mako shida suna tsaro.

Ɗan yana da ɗan haƙori a bakin hancinsa, da shi yake tsaga ɓawo, sau biyu ko uku a jere. Za a ga kumfa, sannan kai ya leƙo, ya koma da zarar ya ga motsi. Yakan zauna a ciki kwana ɗaya zuwa biyu yana shanye sauran gwaiduwa ta cibiya. Kada a jawo shi. Wanda aka tsorata ya fito da wuri yakan taho yana jan gwaiduwar a baya, ta bushe ko ta tsinke. Wasu masu kiwo suna yanka ƙwan da kansu, amma yanka da wuri yana buɗe wa bushewa da ƙwayoyin cuta ƙofa. Idan sauran sun tsaga, aka yi kwana biyu ɗaya bai motsa ba, sannan a tsunkule saman ɓawon a ɗaga, a yi ƙaramar tsaga da almakashi mai tsabta, a kauce wa jijiyoyi, a mayar da shi a bar shi ya fito da kansa.

Waɗanda suka fito a wanke musu bamikulait da ruwa mai ɗumi, a sa su cikin roba mai damshin takarda da ɗan ƙaramin kwanon ruwa marar zurfi, a zafin da bai yi nisa da na akwatin ba. Fatarsu tana da taushi, don haka takardar ta ci gaba da zama da damshi har su yi saɓar farko, wajen kwana bakwai zuwa goma sha huɗu. Bayan saɓar ne ake mayar da su kan busasshiyar shimfiɗa, a raba kowa da robarsa, a miƙa masa ɗan ɓera na farko.